Ruwa Garau ko Damamme: Me Za Ka Ɗaura wa Kifi Mai Ratsi?

A gaɓar gabashin Amurka, daga mashigin Chesapeake har zuwa jihar Maine, babu kifin da ke cinye wa masu fatsa kuɗi da barci kamar wanda suke kira striped bass. Mu za mu ce masa mai-ratsi, saboda layuka bakwai ko takwas masu duhu da suka bi jikinsa daga kai zuwa wutsiya. Mafarauci ne mai faɗin baki. Wanda ya san giwan ruwa ya san rabin halinsa: ya laɓe a bayan dutse inda ruwa ke gudu, ƙaramin kifi ya zo wucewa, ya zuƙe shi ɗungurungum. A teku yake girma, amma a ruwan kogi yake zuba ƙwai, mafi yawa a kogunan da ke kwarara cikin Chesapeake, sai Hudson da Delaware. Saboda haka kifin da ke cikin ruwan Hudson mai laka a watan Afrilu, shi ne za a iya tararwa a watan Yuli a kan farin yashin Monomoy da ke Cape Cod, inda mutum ke hango ƙaguwa a ƙasan ruwa daga cikin kwalekwale. Kifin bai canja ba, amma abin da ya kama shi a can ba zai kama shi a nan ba.

Yawancin sababbin shiga, da zarar sun ga ruwa ya canja, launin abin yaudara, wato kifin ƙaryar da ake ɗaura wa zare, suke canjawa. Su kwance fari su ɗaura rawaya, su kwance rawaya su ɗaura baƙi. Launi na da nasa amfani, amma shi ne na ƙarshe a sahu. Abin da tsabtar ruwa ke canjawa da gaske shi ne tazarar da kifin zai iya gane abin da ka jefa masa. Daga wannan tazarar ake yanke duk sauran: inda za ka tsaya, inda za ka jefa, zurfin da za ka bi, saurin naɗin zare, kaurin zaren gaba, wato guntun ƙarshe da ake ɗaura abin yaudara a kansa, da ko abin yaudararka zai yi ƙara ko zai yi shiru.

Fara da awon ruwan

Masana na amfani da faifan Secchi, wani farin faifai da masanin kimiyya ɗan Italiya Angelo Secchi ya fara aiki da shi a 1865. A zura shi da igiya har ya ɓace wa ido, sai a auna igiyar. Mai fatsa ba ya bukatar faifai. Ɗaura farin abin yaudara, ka zura shi a gefen kwalekwale ko daga kan dutse, ta ɓangaren inuwa don kada ƙyallin rana ya ruɗe ka, ka duba inda ya ɓace. In kana ganinsa har ya wuce mita biyu, ruwan garau ne. Daga kamar santimita 60 zuwa mita biyu, matsakaici ne, mai ɗan kore-kore. Ƙasa da santimita 60, damamme ne. In kuwa ya ɓace kafin ya nutse tsawon tafin hannu, lissafin ya zama wani daban. Waɗannan iyakoki ma'aunin aiki ne kawai. A kuma sake awon duk lokacin da teku ta juya, domin a bakin kogi ruwan da ke cikowa daga teku yakan zo da tsabta, wanda ke janyewa kuma ya kwaso laka daga fadamu. Wuri ɗaya na iya tashi daga wannan aji zuwa wancan cikin sa'a biyu.

Me ya sa awon ke da muhimmanci haka? Mai-ratsi na farauta da abubuwa huɗu, kuma kowanne na da iyakar inda yake kaiwa. Ido shi ne babba, idan ruwa ya ba da dama. Kunnensa na ciki yana ɗaukar ƙara mai kauri daga ɗan nesa, amma ƙara na gaya masa cewa akwai wani abu ne kawai, ba ta nuna masa daidai inda zai kai cafka. Sai layin ji da ya bi gefen jikinsa, wanda ke gane motsin ruwa. Wannan yana da kaifi sosai, amma bai wuce tsawon jikin kifin sau ɗaya ko sau biyu ba. Na huɗu hanci, wanda ke aiki a hankali, kuma sai ruwa ya kawo masa warin. A ruwa garau, kifi na iya hango abu daga mita da yawa, ya biyo shi, ya ƙare masa kallo, ya ƙi. A damamme, abin da ya wuce shi da mita biyu tamkar ba a jefa shi ba. A na farko matsalarka kifin ya ga abin da yawa, a na biyu bai gan shi ba sam. Maganinsu ba zai zama ɗaya ba.

Ruwa garau

Nan ne aka fi ganin kifi, nan ne kuma aka fi komawa gida hannu rabbana. Kafin maganar abin da za a ɗaura, akwai maganar kai kanka. A kashe injin kwalekwale tun da sauran mita 70 zuwa 100, ta saman inda ruwa ke gangarowa, a bar ruwa ya kawo shi. Mai tafiya da ƙafa ya tsaya baya da bakin ruwa, ya lura kada inuwarsa ta faɗa gabansa a kan ruwan. Tabarau mai kashe ƙyalli dole ne.

Abin yaudara ya zama siriri, mara ƙara, girmansa daidai da abin da kifin ke ci. A kan yashin Cape Cod da rani, abincinsa sau da yawa siraran kifayen yashi ne masu tsawon inci 3 zuwa 5, da ƙaguwa, da jatan lande. Jefa masa ƙaton kifin ƙarya na katako mai inci 8 a irin wannan wuri korar sa ne. Abin da ke aiki shi ne roba mai laushi mara dalma, irin Slug-Go mai inci 6, ko mai inci 9 idan manya ne ke yawo. Ko siririn kifin ƙarya mai ɗan leɓe irin Daiwa SP Minnow idan ana bukatar jifa mai nisa. Ko ƙaramin ƙarfe irin Kastmaster mai rabin oza zuwa oza ɗaya, wato giram 14 zuwa 28. Launi na halitta: baya ruwan zaitun ciki fari, ko farin ƙashi, ko roba mai ɗan nuna haske ta cikinta.

Sauri shi ne abin da aka fi kuskurewa. Da rana a ruwa garau, naɗi a hankali yana ba kifin lokacin bincike. A yi sauri, ana fizgar kan sanda jifa-jifa don abin ya riƙa kaucewa hagu da dama. Sai kuma lokacin da kowa ke ɓata rawarsa da tsalle: ka hango babban kifi ya biyo abin yaudararka, hancinsa dab da wutsiyarsa. Hannu yakan so ya tsaya don kifin ya cim masa. Kada ka tsaya. Ƙaramin kifin da ake bi ba ya rage gudu, kuma mai-ratsi ya san haka. Da zarar abin ya tsaya, sai ya juya ya tafi. Ƙara sauri da fizga biyu gajeru a jere. Haka nan kada abin yaudara ya nufo fuskar kifi. In ka hango shi yana tafe, jefa mita biyu ko uku a gabansa, ka ɗan zarce layin tafiyarsa, yadda in ka fara naɗi abin zai gifta yana gudu daga gare shi.

Zaren gaba a nan fulorokabon ne, wani irin zaren roba mai kama da nailan, mai ɗaukar laba 20 zuwa 25, wato kilo 9 zuwa 11, tsawonsa mita ɗaya da rabi. Dalilin zaɓensa shi ne yadda yake karya haske ya fi kusa da na ruwa: ma'aunin ruwa 1.33 ne, na fulorokabon kusan 1.42, na nailan ya haura 1.5. Ba ɓacewa yake yi ba kamar yadda masu talla ke faɗa, ya dai rage bayyana. A haɗa shi da kitsattsen babban zaren fatsar da siririn ƙullin da ake kira FG, ba da maɗaurin ƙarfe ba, a kuma ɗaure abin yaudarar da ƙulli mai sako-sako don ya samu damar rawa. Tunda zaren ya yi siriri, a sassauta birkin na'urar naɗi zuwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin zaren. Mutane kan rage kaurin zare su manta da birki, babban kifi ya yi gudun farko, zare ya tsinke a kan ƙulli.

Abu ɗaya da ruwa garau ya fi kowane ruwa dacewa da shi shi ne abin yaudara mai tafiya a saman ruwa, domin kifi na iya tasowa daga zurfin mita huɗu ko biyar ya same shi. Idan ruwa ya kwanta lumui, mai tafiya a karkace irin Zara Spook ya fi, don ba ya firgita kifi. Idan akwai iska da ƙananan raƙuman ruwa, dogon katakon nan mai fantsama ruwa, irin wanda Stan Gibbs ya yi suna da sassaƙa shi a mashigin Cape Cod, ya fi jan hankali kuma ya fi nisan jifa. Da kowanne, kada a fizgi sanda don an ga ruwa ya fashe. Mai-ratsi yakan fara bugun abin da wutsiya ko ya kuskure. A ci gaba da naɗi har a ji nauyinsa a hannu.

Idan rana ta take, babu gajimare, babu iska, gaskiyar magana ita ce babu abin yaudarar da ke gyara wannan. Asuba, magariba, ko ranar hadari, su ne lokutan ruwa garau. A manyan tafkunan madatsa da aka zuba wannan kifi, irin su Mead da Lanier, maganin da kifin ke yi wa haske da zafi shi ne nutsewa. Can sai na'urar gano kifi, da cokalin ƙarfe mai oza ɗaya zuwa biyu da ake zurawa tsaye ana ɗagawa ana saki a daidai zurfin da garken yake.

Matsakaici, mai kore-kore

Wannan shi ne ruwan da ya fi sauƙin kamu, kuma mafi yawan ranakun Chesapeake da mashigin Long Island Sound a nan suke faɗawa. Kifi na gani isasshe ya kai hari, amma ba ya gani isasshe ya tsaya bincike. Kurakuran da ruwa garau ba ya yafewa, nan ana wucewa da su.

Sarkin wannan ruwa shi ne kan dalma mai gashin jelar barewa, ƙugiya ɗaya tana kallon sama, an maƙala masa siririyar wutsiyar roba. Fari, ko rawaya mai sirkin kore. Dalilin wannan launin ba camfi ba ne. A tsabtataccen ruwan teku, jan haske ne ke fara mutuwa, shuɗi ya fi nisa. Amma a ruwan mashigi mai ƙananan tsirrai da ruɓaɓɓen ganye, shuɗin ma ana shanye shi, sai ya zama hasken da ke tsakanin kore da rawaya ne ya fi ratsawa. Abin da ke mayar da wannan hasken shi ake hangowa daga nesa.

Nauyin kan dalmar ya fi launinsa muhimmanci nesa ba kusa ba. Ana son ya riƙa shawagi kamar rabin mita zuwa mita ɗaya sama da ƙasa, yana taɓa ta sau ɗaya ko biyu a kowane jifa. Ga yadda ake gane shi. Jefa ta saman gudun ruwa a karkace, ka ƙirga daƙiƙu har zaren ya saki, alamar ya taɓa ƙasa. In ka ƙirga takwas, a jifa na gaba fara naɗi a kan shida. Naɗi ɗaya a daƙiƙa guda, kan sanda a ɗan ɗage. In yana ja da ƙasa yana kwaso ciyawa, ya yi nauyi, rage rubu'in oza. In ruwa ya share shi ya kawo shi gefe bai taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya, ya yi sauƙi, ƙara. A bakin teku mai zurfin mita biyu zuwa uku, daga kashi uku cikin huɗu na oza zuwa oza ɗaya da rabi yakan isa. A mashigin Cape Cod, inda ruwa ke gudu da ƙarfin gaske, ana kai wa oza 4 ko 5. Cizon yakan zo ne lokacin da abin ya gama gangarowa ya fara lanƙwasowa, kuma sau da yawa ɗan tak ne kawai za ka ji. Soke nan take, domin kifin na tofar da dalma cikin ƙiftawar ido.

Abokin takarar mai gashin barewa shi ne roba mai wutsiya kamar faranti, inci 5 zuwa 6, a kan kan dalma. Ta fi sauƙi ga sabon shiga, don naɗi kawai take so, wutsiyar ta yi sauran aikin. Amma iska na riƙe ta a jifa, kuma in kifin bluefish mai kaifin haƙori na wurin, zai yanke maka wutsiyoyi goma kafin hantsi. Mai gashin barewa ya fi juriya, ya fi ratsa iska, ya fi saurin nutsewa. Zaren gaba laba 30 zuwa 40, kamar santimita 90, fulorokabon ko nailan, bambancinsu a nan kaɗan ne.

Damamme, kuma ba duka ɗaya ba ne

Kafin ka yanke hukunci a kan ruwan da ya dame, tambayi abin da ya dama shi.

Akwai farin ruwa, wanda raƙuman teku suka buga suka cika da kumfa da yashi. Wannan alheri ne. Mai-ratsi na da faffaɗar wutsiya da ƙarfin iyo cikin hargitsi, ƙananan kifi kuwa ruwa ne ke wujijjiga su. Shi ya sa masu fatsar garin Montauk na jihar New York ke fitowa a ranar farko ta guguwar arewa maso gabas, sa'ad da kowa ke shigewa ɗaki. Abin ɗaurawa farin kan dalma ne mai oza ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, a jefa shi bayan raƙumin da ya fashe, cikin kumfar da ya bari. Amma alherin na da wa'adi. Bayan kwana ɗaya ko biyu, ruwan ya koma ruwan ƙasa, musamman inda gaɓa ke da tudun yumɓu, ga ciyawar teku ta cika ko'ina, sai kifin ya ja baya har ruwa ya kwanta.

Akwai ruwan laka na ambaliyar kogi. Kogin Susquehanna shi kaɗai ke kawo kusan rabin ruwan daɗin da ke shiga Chesapeake, kuma idan aka yi ruwan sama mai yawa aka buɗe ƙofofin madatsar Conowingo, saman mashigin yakan koma ja na kwanaki. Da bazarar can, bayan hunturu, irin wannan ruwa yakan zo da sanyi, to matsala biyu ke nan: kifi ba ya gani, kuma jikinsa ya mutu. Ya fi walwala a ruwa mai zafin digiri 13 zuwa 20 a ma'aunin Salsiyos.

Akwai ruwa mai launin shayi daga fadamu da dazuzzuka. Duhu ne da shi amma babu laka, kuma in ka auna za ka ga ya fi yadda ido ke zato haske. Ɗauke shi a matsayin matsakaici, ka sa ruwan zinariya a maimakon azurfa.

Na ƙarshe shi ne wanda ƙananan tsirrai suka yi wa yawa da zafin rani, ya koma ja-ja ko ruwan ƙasa, wani lokaci da wari. Irin wannan kan zo da ƙarancin iskar shaƙa a cikin ruwa. Kada ka ɓata lokaci da canja abin yaudara. Tashi ka bar wurin.

Idan ka tsaya a ruwan laka, dabarar ta juye gaba ɗaya. Matso kusa, tunda kifin ma ba ya ganinka. Yakan shigo wuri mara zurfi, ya manne da dutse, ginshiƙin gada, ko bakin rami. Jifa gajere ne, a jere kusa da juna, tazarar mita ɗaya tsakanin wannan da wancan, kuma wuri mai kyau a maimaita shi sau biyar ko shida kafin a matsa. Naɗi a hankali, kuma bai ɗaya. Fizge-fizgen da ke tayar da kifi a ruwa garau, a nan su ke sa ya kuskure, domin da layin gefen jikinsa yake bin sawun abin, in ya kauce ba zato sai cafkar ta faɗa a banza. In kana jin bugu ba kamu, rage sauri ka daina wasa da sanda.

Abin yaudara ya zama mai kauri, mai tura ruwa. Roba mai wutsiyar faranti inci 6 zuwa 8, ko katako mai leɓen ƙarfe da ke rangaji a hankali, ko mai tsakuwa a ciki irin Rat-L-Trap mai kashi uku cikin huɗu na oza zuwa oza ɗaya. Tsakanin mai ƙara da mai tura ruwa, na biyun ya fi abin dogaro. Ƙara na sa kifi ya juyo, amma motsin ruwa ne ke kai bakinsa kan ƙugiya. Launi kuwa, a manta da azurfa mai ƙyalli, babu hasken da za ta mayar. Baƙi ƙirin, ko fari fat, ko rawayan nan mai sirkin kore. Baƙi na aiki ne saboda kifin yakan dubo daga ƙasa, abin da yake gani inuwa ce a jikin ɗan hasken sama. Zaren gaba nailan ne laba 40 zuwa 50, santimita 60 zuwa 75. Sayen fulorokabon don ruwan laka asarar kuɗi ce. In ciyawa na yawo, a bar duk mai ƙugiya baki uku a jaka, a ɗaura mai ƙugiya ɗaya.

Wuri mafi daraja a ranar laka shi ne iyaka, inda jan ruwa ya haɗu da mai tsabta har ana ganin layin da ido. Mai-ratsi na fakewa a cikin duhun yana leƙen abin da ke wucewa a haske. Bi da abin yaudararka tare da layin, ta ɓangaren mai tsabta, cikin mita ɗaya daga iyakar.

In awo ya nuna ƙasa da tsawon tafin hannu, ajiye kifin ƙarya ka koma ga hanci. Haka masu fatsar Hudson ke yi da bazara, da tsutsar teku ko yankan kifi. A bakin teku, yankan sabon menhaden ne, wani kifi mai yawan mai, ba wanda ya kwana a rana ba, a kan dalma mai zamewa a jikin zare, oza 3 zuwa 6 gwargwadon gudun ruwa. A canja yankan duk bayan minti 15 zuwa 20, don ruwa na wanke mai da jinin da ke kiran kifin. Tun daga 2021 doka a jihohin gaɓar Atlantika ta wajabta ƙugiya mai zagaye ga mai neman wannan kifi da abinci na gaske, domin ita a gefen baki take kamawa, ba a ciki ba. Ƙugiya mai girman lamba 7/0 zuwa 9/0 ta dace da yanka. Da ita ba a fizga. In ka fizga, zare ta za ka yi daga bakinsa. Bari zare ya miƙe, ka yi ta naɗi har sanda ta lanƙwashe.

Dare

Dare na mayar da ruwa garau wurin da ya fi kowane kyau, don manyan da suka ƙi komai da rana suna shigowa har inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Manyan kifaye biyu da suka riƙe kambin duniya duk bayan faɗuwar rana aka kama su: na Albert McReynolds mai laba 78 da rabi, a Atlantic City cikin guguwa a Satumban 1982, da ƙaramin kifin ƙarya na Rebel, da na Greg Myerson mai laba 81 da oza 14, kusan kilo 37, a ruwan Connecticut a Agustan 2011, da rayayyen kifin nan mai siffar maciji. A daren duhu, baƙi ko baƙi da shunayya. A farin wata, fari ko rawaya. Naɗi ɗaya cikin daƙiƙa biyu ko uku, har mutum ya ji kamar ba ya yin komai. Zaren gaba na iya komawa laba 40 ko 50.

Sai dai a wasu dararen rani masu duhu, ƙananan halittun ruwa kan yi walƙiya idan an motsa su, har ka ga zarenka da ƙullinka suna haske a cikin ruwa. Ranar da aka samu haka, koma wa dokar ruwa garau ko da tsakar dare ne: siririn zare, siririn abin yaudara, motsi kaɗan, ko ka jira wata ya fito. Dare da laka a haɗe kuwa, abinci na gaske ne kawai ke da tabbas.

In kuɗin na abu uku ne kawai

Farin kan dalma mai gashin barewa, nauyi uku: kashi uku cikin huɗu na oza, oza ɗaya da rubu'i, da oza biyu. Shi kaɗai ne ke aiki a dukkan ruwan nan, ko da yake a ruwa garau da rana ba shi ne na ɗaya ba. Na biyu, fakitin siririyar roba mara dalma, rabi farin ƙashi don rana, rabi baƙi don dare. Na uku, roba mai wutsiyar faranti inci 6, rawaya mai sirkin kore. Da naɗin zaren gaba biyu, fulorokabon laba 20 da nailan laba 40. Katakai masu tsada su jira.

Idan ka yi jifa ashirin a wurin da ka tabbata akwai kifi ba a taɓa ba, canja abu ɗaya-ɗaya, kuma bi wannan jeri: zurfi tukuna, ta hanyar nauyi ko ƙirgen daƙiƙu, sannan sauri, sannan kusurwar jifa, sannan girma, launi a ƙarshe. Wanda ya canja uku a lokaci guda, ko ya kama ba zai san wanne ya yi aikin ba.

Mafi yawan abin da za ka kama sakinsa za ka yi. Yawan wannan kifi ya taɓa rushewa har Maryland ta hana kama shi ɗungum daga 1985 zuwa 1989, kuma a 'yan shekarun nan an sake tsaurarawa. Dokar 2024 ta ba mai fatsa kifi ɗaya a rana, mai tsawon inci 28 zuwa 31 a teku, inci 19 zuwa 24 a Chesapeake, kuma wasu jihohi na da nasu lokutan rufewa, don haka a duba dokar shekarar kafin a fita. Hukumomin kifi na lissafa cewa tara cikin ɗari na waɗanda aka saki suna mutuwa, kuma abin ya fi muni a ruwa mai zafi mara gishiri. A matse ƙayar ƙugiya da filaya, a cire ƙugiya mai baki uku ta baya a sa mai baki ɗaya, a kuma kwance kifin yana cikin ruwa, a riƙe shi kansa na fuskantar gudun ruwa har ya fizge da kansa.